Shafi Uku a Zauren Malam Gali

Litinin, 14 ga Mayu, 2001. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Malam Maharazu, shugaban ƙaramar sakandaren nan, ya zo gida da kansa ya ba ni fom mai layi ashirin. Ana so a jera littattafai ashirin da suka dace 'yan aji ɗaya zuwa uku su karanta. Mu uku za mu sa hannu: ni, da Alhaji Manu shugaban ƙungiyar iyaye, da Malam Gali na Madachi a madadin malaman addini. Ranar Juma'a, 8 ga Yuni, za a kai ofishin ilimi. Ya ce an zaɓe ni ne saboda na yi shekara ashirin da biyu a teburin gyara na jarida a Kaduna, kuma duk Rano babu mai tarin littattafai kamata.

Sai da ya sha ruwa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Idan littafin nan mai koren bango ya shiga jerin, da hannu uku a ƙasa, to Malama ba ta yi laifi ba, za ta koma ajinta. Idan bai shiga ba, takardar neman bahasin da ya ba ta za ta bi fom ɗin zuwa ofis, daga nan kuma ba ya da ta cewa.

Malama 'yata ce ta fari, shi ya sa ba na kama sunanta. A takardar an rubuta Nuriyya Nasir, malamar Hausa, an kuma yi kuskure biyu a sakin layi ɗaya. Yau kwananta goma sha ɗaya a gida.

Na tambaye shi ko ya dace uba ya zauna a kwamitin da zai wanke 'yarsa. Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, to amma wa zai samu?

Talata, 15 ga Mayu. Bayan sallar asuba

In rubuta abin da na sani tabbas, don kullum labarin ƙara kumbura yake a gari. Ta ara wa wata yarinya 'yar aji biyu littafi. Yarinyar daga Kibiya take zuwa. Ubanta ya gani a jakarta, ya sa aka karanta masa wani wuri, washegari ya zo makaranta da mutum biyu. Aka garƙame kabad ɗin littattafai, aka ce Malama ta ɗan huta. Iyakar abin ke nan.

A majalisar bakin tasha kuwa an ce littafin soyayya ne. Jiya na ji an ce har da hotuna. Shafinsa hamsin da shida, hoto ɗaya ne a ciki, na jaki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya zama mai binciken jakar yara, amma ban ga wanda ya zama mai karatu ba.

Uban yarinyar hatsi yake sayarwa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Talata. Ƙarfe biyar na yamma

Na yini a ƙasa tsakanin kwalaye. Abin da nake nema a littafin ɗan shekara goma sha uku ba shi da yawa. Jimla ta ƙare kafin numfashinsa ya ƙare. Wani abu ya faru kafin shafi na uku. Idan marubuci zai yi wa'azi, ya yi sau ɗaya ya wuce. Bugun ya fito fes, don yaro yana ɗaukar kuskuren ɗab'i a matsayin doka.

Na ware na taurari da lokutan shuka, da na wani direban tanka da ya ba da labarin hanyoyin da ya bi, da tatsuniyoyi biyu, da na yadda zazzaɓin cizon sauro yake shiga jiki, da rayuwar waɗansu mata malamai na zamanin da, da na Turanci uku masu sauƙi. Akwai wani na waƙoƙin noma da nake so ƙwarai, amma ɓera ya riga ni shafi takwas na ƙarshe. Sauran na cike da abin da ya fi dama. Mai koren bango na sa shi na ashirin.

Ashirin sun cika, da fensir, a wata takarda daban. Aikin yini ɗaya ne. Ban ga abin da zai ci mako uku a nan ba.

Laraba, 16 ga Mayu. Azahar

Alhaji Manu ya sa hannu a tasha, a kan murfin injin bas, yana faɗa da wani direba a kan taya. Fom ɗin fari fat, ban cike layi ko ɗaya ba. Na ce ya bari in karanta masa sunayen, ya ce ai ni ne ɗan boko, shi abin da ya sani mota ta tashi da wuri.

Malam Gali ba ya karɓar karatu Alhamis da Juma'a. Sai Asabar.

Asabar, 19 ga Mayu. Bayan magariba

Na je Madachi a kan babur da kwali a baya. Malam Gali dattijo ne siriri, ya haura saba'in, yana zaune kan buzu a zaure, magidanta biyar ko shida a gabansa kowa da littafinsa. Na jira aka gama. Na gaishe shi, na yi bayani, na miƙa masa jerin da biro.

Bai karɓi biron ba. Ya ce shi ba ya karanta boko, wannan na sani. Na ce shi ya sa zan gaya masa abin da kowane littafi ya ƙunsa a taƙaice.

"Malam Nasiru, taƙaitawar taka ce ko ta littafin?"

Na ce tawa ce, Allah gafarta Malam, amma aikina ke nan shekara ashirin da biyu.

Ya ce duk littafin da ya taɓa ba wani izinin karantarwa, sai da ya ji shi daga bango zuwa bango, haka shi ma malamansa suka yi masa. Ba zai sa sunansa a ƙarƙashin abin da kunnensa bai ji ba. In zo kullum bayan la'asar in riƙa biyawa, shi yana ji. Na ce littafi ashirin ne. Ya ce ya ji, ai shi ya sa ya ce kullum.

Na ce za mu iya farawa da na ashirin. Ya ce me ya sa na sa shi na ashirin in da shi nake so a fara? Na mayar da biron aljihu. Ya san ko ni wane ne, ya san 'yar wa aka kora gida, bai ambata ba.

Lahadi, 20 ga Mayu. Bayan isha'i

Shafi shida. Awa biyu, shafi shida.

Da na taurari muka fara. Ina karanta jimla, sai ya ɗaga hannu, kamar yadda yake yi wa ɗalibansa. Ya maimaita ta da bakinsa, ya faɗi sunan tauraron da Larabci, ya faɗi yadda Fulani suke kiransa, ya ba da labarin shekarar da mahaifinsa ya yi shuka da fitowarsa iri ya ƙone. Wani tela a cikin ɗaliban ya ce shi kakarsa ba haka ta gaya masa ba. Aka shiga wannan. Ni ina riƙe da yatsa a kan layi kamar ɗan firamare.

Abin haushin, gyara ɗaya da ya yi wa marubucin daidai ne. Na duba da na dawo.

Litinin, 21 ga Mayu. Magariba

Shafi tara. Telan ya zo da ƙaninsa.

Laraba, 23 ga Mayu. Ƙarfe goma na safe

Na yi lissafi. Littattafan nan gaba ɗaya shafi dubu da ɗari ɗaya da wani abu ne. Da wannan tafiyar, in aka cire Alhamis da Juma'a, za mu gama bayan azumi. Ni kuma kwana goma sha shida gare ni.

Jiya na tsallake sadaukarwa da gabatarwa a littafi na biyu. Wannan ba komai ba ne, ba wanda yake karanta su. Na kuma haɗe sakin layi uku da ke kwatanta hanyar Lakwaja suka zama ɗaya. Marubucin da kansa zai gode mini. Sa'ad da nake Kaduna, labari mai kalma dubu yakan zo teburina ƙarfe shida, ya bar shi ƙarfe shida da kwata da kalma ɗari huɗu, ba a taɓa dawo mini da shi an ce wani abu ya ɓata ba. Hannu ya saba. Ashe baki ma yana iyawa.

Alhamis, 24 ga Mayu. La'asar

Babu karatu. Na yini a gida, abin da na fi ƙi a kwanakin nan.

Malama tana tashi da asuba ta yi wanka ta shirya kamar mai fita, sannan ta zauna a tsakar gida tana gyara littattafan rubutun 'yan ajinta da ta taho da su. Ta gama gyara su tun makon jiya. Na ga tana sake bi. Tana gaishe ni safe da yamma, cikakkiyar gaisuwa, har ƙasa, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai.

Uwarta Hansatu ta ce in yi mata magana. Na ce na yi mata magana ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, har na zauna na tsara mata wasiƙa da hannuna, kuma Hansatun tana wurin ta ji abin da aka mayar mini. Ta ce yarinya ce. Na ce yarinyar da take koyar da yara sittin.

Wasiƙar tana nan cikin aljihun tebur. Layi bakwai ce, babu kalmar da ta yi yawa. Da an sa mata hannu da tuni an manta da zancen.

Asabar, 26 ga Mayu. Bayan magariba

Na uku da na huɗu sun wuce yau, tatsuniyoyin. Na gano dabara: in na karanta da sauri ban sauke murya a ƙarshen jimla ba, ba ya samun wurin ɗaga hannu. Zauren ya cika har waje. Wani mahauci ya roƙi a maimaita inda kura ta faɗa rijiya, Malam ya ce a maimaita. Na maimaita. Ni da na gyara jawaban gwamnoni.

A hanyar dawowa wani ya tsayar da ni a Dawaki, ya ce ya ji an ce ni da Malam Gali muna tantance littattafan batsa, yaushe za a ƙona? Na ce in an sa rana za a sanar a rediyo. Ya ce madalla.

Lahadi, 27 ga Mayu. Ƙarfe biyar na yamma

Ruwa ya sauka jiya da dare. Malam yana gona, ɗalibansa suna gona, duk Madachi tana gona. Na zauna a zaure ni da kwali da wata akuya.

Talata, 29 ga Mayu. Bayan isha'i

Hutun ranar dimokuraɗiyya. Malam ya ce shi ba a aiko masa da takardar hutu ba, saboda haka mun yi karatu safe da yamma. Wannan ce kaɗai ribar da na ci daga mulkin farar hula zuwa yau.

Mun shiga na Turanci. Ya ce in karanta Turancin yadda yake tukuna, jimla jimla, sannan in fassara, kamar yadda ake yi wa Larabci. Na ce ai ba ya jin Turanci. Ya ce ba don ya ji ma'ana ba ne, don ya ji tsawon abin da aka faɗa ya gwada da tsawon abin da na mayar. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

A na Turancin ban rage komai ba. Ya ci mana yini guda, shafi ashirin da huɗu.

Laraba, 30 ga Mayu. Magariba

Tara sun wuce. Ashirin ba za su yiwu ba, ko da baki biyu gare ni. Na gaya wa Malam cewa ranar Asabar mai koren bango zan kawo, sauran sa biyo baya in Allah ya so. Ya ce to.

Maulidi Litinin ne. Daga Lahadi Malam ba zai zauna ba sai Laraba.

Juma'a, 1 ga Yuni. Hantsi

Na sake karanta shi, karo na uku. Littafi ne mai kyau, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Labarin wata yarinya ce da take taya ubanta awon hatsi a kasuwa, tana ƙaunarsa yana ƙaunarta, shi ya koya mata lissafi da ƙwayar masara. Har shafi na arba'in babu abin da wani zai ɗaga gira a kai. Daga na arba'in da huɗu zuwa ƙarshe ma haka.

Shafi uku ne. Na san dattawa. Na san abin da dattijo yake ji in an ce yarinya ta buɗe baki a kan ubanta a gaban mutane, komai gaskiyarta. Labarin yana tafiya ko babu su. Na gwada a bakina sau biyu, wurin haɗin ba ya nunawa.

Asabar, 2 ga Yuni. Ƙarfe takwas, bayan isha'i

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Mun fara bayan azahar don mu gama a zama ɗaya. Zauren ya cika fiye da kullum, an ji yau ne ranar littafin. Ina jin waɗansu hotunan suka zo gani. Malam bai katse ni sosai ba, sau uku ko huɗu, har ya yi murmushi a wurin lissafin masara. Muka yi la'asar muka dawo. Na kai ƙarshen shafi na arba'in, na ɗora jimlar da na shirya, na shiga na arba'in da huɗu. Na yi kamar layi goma. Sai ya ɗaga hannu.

Ya ce me yarinyar ta yi wa ubanta? Na ce wace? Ya ce ɗazu suna cin abinci kwano ɗaya, yanzu ta gaishe shi ya juya kai. Uba ba ya juya wa 'ya kai haka kawai. Ko marubucin bai iya aikinsa ba, ko wani abu ya faɗi a hanya.

Na ce wani lokaci marubuta sukan bar wa mai karatu ya cike.

"Na ji takarda ta juya sau biyu, Malam Nasiru. Muryarka ba ta yi tafiyar shafi biyu ba."

Na ce shafi uku ne, Allah gafarta Malam, kuma ba su da wani muhimmanci. Ya ce in ba su da muhimmanci me ya sa na san adadinsu?

Ya sallami mutane. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Da muka rage mu biyu ya tambaye ni, tsakanina da Allah, a tara ɗin da suka wuce na taɓa yin haka? Na ce a na Turanci ban yi ba. Ya ce sauran takwas fa? Na ce gyara ne kawai, irin wanda ake yi a kowace maɗaba'a. Ya ce to shi abin da ya ji kwana goma sha huɗu ba littattafan ba ne, ni ya ji. Ba zai sa hannu a kan ko ɗaya ba, har na Turancin, don a can ma bakina ne.

Na ce akwai wadda aikinta ya rataya a kan wannan takarda. Shi ne karo na farko da na ambata. Ya ce ya sani tun ranar da na shigo, kuma saboda ita ne ya ajiye nasa karatun ya zauna yana jin labarin kura.

Na ce in karanta masa shafi ukun yanzu. Ya ce a'a. Daga bakina ya gama ji. Wadda ta ba da littafin ita ta san dalilinta, ta zo ranar Laraba ta biya shi tun daga farko, a cikin gida, gaban iyalinsa, ni kuma in zauna in ji.

Na manta kwalin a zaure. Sai da na kai Zinyau na tuna, ban koma ba.

Lahadi, 3 ga Yuni. Azahar

Ban gaya mata ba.

Litinin, 4 ga Yuni. La'asar

Maulidi. Gari ya cika da yabo da ƙamshin girki. Telan nan ya yi aikinsa, ko'ina na bi ana gaishe ni da wani irin ladabi. A tasha an ce na ɓoye wurin batsar Malam ya kama ni. Wato na ƙara wa Malama.

Shekara ashirin da biyu. Na cire sunaye, na cire adadin gawarwaki, na cire sakin layin da zai sa a rufe mu, a zamanin da soja yake aiko mota ƙofar ofis. Mutum arba'in suna cin abinci a gidan jaridar nan. Ba wanda ya taɓa ce mini ya ji takarda ta juya.

Talata, 5 ga Yuni. Hantsi

Hansatu ta riga ni gaya mata, a wurin suna ta ji. Da na fito Malama tana tsakar gida. Na faɗa mata saƙon Malam a tsaye, cikin jimla uku. Ta tambaye ni wane shafi na tsallake. Na faɗa. Ta ce ta zata.

Na ce don ita na yi. Ta ce ta sani, wasiƙar ma don ita na yi.

To, tun da na fara, bari in rubuta. Wasiƙar cewa ta yi Malama ba ta karanta littafin ba kafin ta ara, ta yi kuskure, tana neman afuwa. Ta karanta ta a gaban uwarta, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Baba, ƙarya ce, ko da kai ka tsara ta." Wata guda ke nan da kwana biyu.

Ta ce ƙarfe nawa za mu tashi gobe.

Laraba, 6 ga Yuni. Bayan magariba

Na goya ta a babur har Madachi. An shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa a cikin gida. Malam a kan buzunsa, matarsa Jummai a gefe tana ɓarar gyaɗar iri, ni a bakin rumfa.

Ta fara daga bango: sunan littafi, maɗaba'a, shekara, sadaukarwa. Ban taɓa jin ta tana karatu a aji ba. Ba ta sauri. Tana sauke murya a ƙarshen kowace jimla ta jira, in ya ɗaga hannu ta tsaya, in ya yi tambaya ta amsa, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Sau ɗaya ya gyara mata, sau ɗaya ta ce Allah gafarta Malam ba haka marubucin yake nufi ba, ta sake karanta layin, ya ce haka ne.

Shafi talatin da takwas zuwa la'asar. Ya ce gobe Alhamis ce, amma a zo.

Alhamis, 7 ga Yuni. Ƙarfe biyar na yamma

Ta karanta shafi ukun. Yarinyar ta ga ubanta ya bubbuge gindin kwanon awo ya shige ciki. Ta yi masa magana a gida, ya ce ba ruwanta. Ranar kasuwa wata tsohuwa ta zo awon dawa, yarinyar ta ce, a gaban kowa, Baba wannan kwanon ba cikakke ba ne, ga ɗayan. Muryar Malama ba ta canja ba. Ni ina kallon kajin gidan.

Malam ya ce ta maimaita daga inda ta yi masa magana a gida. Ta maimaita. Jummai ta daina ɓarar gyaɗa. Sannan ya ce tauye awo abu ne da Alƙur'ani ya yi masa sura guda, ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar ta fara da ɓoye, ba a ji ta ba, kuma haƙƙin tsohuwa yana shirin tafiya a gaban idonta. Ya ce da shi ne marubucin da ya sa ta faɗa wa uwarta ko wani babba tukuna, wannan gaggawar marubuci ce. Amma bai ga abin da zai hana yaro jin wannan ba, in akwai malami kusa da zai tambaya.

Jummai ta ce ita dai tana so ta ji ko uban ya huce. Aka ci gaba. Ya huce a shafi na hamsin da uku, ba gaba ɗaya ba.

Da aka kai ƙarshe ya ce in rubuta sunan littafin a layi na farko, in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta. Ya sa Malama ta duba ta tabbatar. Sannan ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, ƙarƙashin na Alhaji Manu. Na ce sauran goma sha tara fa? Ya ce ƙofarsa a buɗe take bayan la'asar, ban da Alhamis da Juma'a.

Juma'a, 8 ga Yuni. Bayan sallar Juma'a

Ƙarfe tara ina ofishin Malam Maharazu. Ya juya fom ɗin gaba da baya kamar sauran suna ɓoye a bayansa. Ya ce littafi ɗaya? Makaranta mai yara ɗari huɗu, kwamiti na mako huɗu, littafi ɗaya, kuma wanda aka yi rigimar a kansa? Za a yi masa dariya a ofis, in ma ba a dawo da shi ba. Na ce na san haka, ni ma da aka kawo mini irinsa a Kaduna da na jefa kwando.

Ya rufe ƙofa. Ya ce jerin nawa na fensir yana aljihuna ko? Hannu biyu suna nan a ƙasa. Minti goma ne in cike layukan, littattafai ne masu kyau, ni na zaɓe su, Malam ba ya karanta boko, Alhaji Manu ba ya karanta komai. Ya ce hakan ma zai fi kare Malama, don littafin zai ɓace a cikin 'yan uwansa.

Duk abin da ya faɗa daidai ne. Jerin yana aljihuna. Na goma sha ɗaya, na mata malaman nan, ina jin takaicin a ce yaran ba za su gan shi bana ba.

Na ari rula a teburinsa, na ja layi daga kusurwar layi na biyu zuwa ƙarshen na ashirin, na sa hannu. Na tuna masa sharaɗin da ya kawo mini gida da bakinsa: littafin a jeri, hannu uku a ƙasa. Ya ƙirga hannun da yatsa, kamar za su ragu. Ya ce ni da Malam Gali za mu kashe shi. Sannan ya jawo aljihun tebur ya zaro takardar neman bahasin, ya ajiye ta gefe, ya ce ta zo Litinin, amma kabad zai ci gaba da zama a rufe sai abin da ke cikin jeri.

Litinin, 11 ga Yuni. Ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ta fita bakwai da kwata da littattafan rubutu sittin a ka. A ƙofa ta gaishe ni, ta tsaya, ta ce kwafi ɗaya ne da ita, yara kuma sittin, sai dai a karanta musu a ji. 'Yan aji biyu suna da Hausa ranar Laraba ƙarfe goma sha ɗaya, muryarta ba ta kai bayan aji, in ina da hali.

Na ce zan duba.

Ina da hali.